Manhajar da ke karɓar 31 ga Fabrairu ba ta kai a biya kuɗinta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da matasanmu masu rubuta manhajar kwamfutar tebur, da kuma masu makarantu, kantunan magani, ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin adashi da ke saye a hannunsu. Maganar kwanan wata ce: yadda manhaja ke karɓar sa daga hannun mai shigar da bayanai, da yadda take lissafi da shi bayan ta karɓa. Kuskuren da ke sa manhaja ta tsaya cak tana ƙorafi mai sauƙi ne, domin a ranar za a kira wanda ya rubuta ta. Wanda ya fi ɓarna shi ne wanda ya shige shiru, aka buga rasit, aka rufe littafi, ba a farga ba sai bayan wata shida. Kuskuren kwanan wata kusan duk irin wannan ne, yana ci ta ciki kamar gara.

Mu fara da 03/04/2025. A Najeriya da Nijar, duk wanda ya ga wannan zai karanta 3 ga Afrilu. A Amurka kuwa 4 ga Maris ne, domin su wata suke fara rubutawa. Tsakanin ranakun nan biyu akwai kwana 30. Kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu da yawa suna zuwa ne da Windows a kan saitin Amurka, kuma mai gyara in ya sake ɗora Windows ba kasafai yake taɓa wannan saiti ba. To idan mai rubuta manhaja ya miƙa rubutun ga umarnin da ke dogara da saitin kwamfuta, irin su CDate a yaren rubuta manhaja na Visual Basic ko DateTime.Parse a yaren C#, manhaja ɗaya za ta ba da amsa biyu a ofis ɗaya: kwamfutar akawu ta ajiye Afrilu, ta mai karɓar kuɗi ta ajiye Maris. Ranakun da wannan ke iya shafa su ne 1 zuwa 12 na kowane wata, wato rana 144 a shekara. A cire 12 da lambar rana da ta wata suka zo ɗaya, kamar 05/05, saura 132 da za su iya juyewa ba tare da wani gargaɗi ba.

Masu aiki da Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai, da tsohon Visual Basic su ne suka fi shan wannan wahala, kuma har yanzu akwai manhajojin makaranta da na kanti da ke tafiya a kansu. A cikin umarnin tambaya na Access, kwanan watan da aka sa tsakanin alamun # ana karanta shi ne da tsarin Amurka, ko mene ne saitin kwamfutar. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne in ka ba shi 13/04/2025, ya san babu wata na 13, sai ya juya da kansa ya karanta daidai. Shi ya sa mai rubuta manhaja zai gwada aikinsa ran 20 ga wata ya ga komai lafiya lau, ya miƙa, ya karɓi kuɗinsa, ɓarnar kuma ta soma ran 1 ga watan gobe, ta tsaya ran 13, ta sake dawowa. A rumbun bayanai ɗaya sai a samu wasu ranaku daidai, wasu a juye, kuma babu wata alama da za ta bambance su. Gyaran irin wannan sai an koma ga takardun asali ɗaya bayan ɗaya.

Maganinsa bai da tsada. A zaɓi tsari guda, rana, wata, shekara mai lamba huɗu, a rubuta shi ƙarara a gefen gurbin da ake cikewa, sannan a umarci manhaja ta karɓi wannan tsari kaɗai. A C# aikin TryParseExact ne, tare da dd/MM/yyyy da InvariantCulture, don kada saitin kwamfuta ya sa baki. A kula da girman harufan: MM babba wata ne, mm ƙarami minti ne, kuma wanda ya musanya su zai ga duk ranakunsa sun koma Janairu. A yaren Python strptime ne, wanda ke ƙin duk abin da bai dace da tsarin ba. Wajen aikawa rumbun bayanai kuma kada a liƙa kwanan wata cikin jimlar umarni a matsayin rubutu. A miƙa shi ta gurbin da aka tanada don miƙa ƙima, a matsayinsa na kwanan wata. Sannan akwai dabarar da na fi ganin amfaninta a kan duk sauran: da zarar mutum ya gama rubutawa, manhaja ta nuna masa abin da ta fahimta da kalmomi a ƙarƙashin gurbin, misali "Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025". Akawun da ba zai lura da juyewar lambobi ba, zai lura in ya ga Talata alhali ya san yau Alhamis.

Sai ranar da babu ita a kalanda. Gurbin da aka yi wa ƙa'ida cewa sai lamba biyu, sanda, lamba biyu, sanda, lamba huɗu, siffa kawai yake dubawa. 31/02/2025 ta cika wannan siffa, 99/99/9999 ma ta cika. Wasu kayan aikin kuma maimakon su ƙi, sai su gyara da kansu. Tsohon SimpleDateFormat na yaren Java, in ba a kashe masa sassauci da setLenient(false) ba, zai karɓi 31 ga Fabrairu 2025 ya mayar da ita 3 ga Maris. DateSerial na Visual Basic haka yake yi. Sabon tsarin java.time da ya zo da Java 8 a 2014 ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma shi ma a halinsa na asali yakan janyo 31 ga Fabrairu ya mayar da ita ranar ƙarshe ta watan. Sai an sa shi a tsattsauran mataki, STRICT, an kuma rubuta shekarar da uuuu, sannan yake ƙi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: wanda ya rubuta 31/02 kuskure ya yi, wataƙila 13/02 yake nufi, wataƙila 31/03. Manhaja ba ta san wanne ba ne, saboda haka ba hurumin ta ba ne ta zaɓa masa.

Tunda an ambaci Java, ga wani tarko ƙarami. YYYY da manyan haruffa ba shekarar kalanda ba ce, shekarar lissafin makonni ce. Wata goma sha ɗaya da makonni tana ba da amsa daidai, amma rasit ɗin da aka buga ran 29 ga Disamba 2025 zai fito da 2026.

Shekara mai lamba biyu kada a karɓe ta sam. Kowane kamfani da iyakar da ya ja. Microsoft ya daɗe yana ɗaukar 00 zuwa 29 a matsayin 2000 zuwa 2029, 30 zuwa 99 kuma 1930 zuwa 1999, daga baya aka ɗaga iyakar zuwa 2049 a sababbin Windows. Python nasa daban ne: 69 zuwa 99 ƙarnin da ya wuce, 00 zuwa 68 wannan ƙarnin. Ke nan a tsohuwar kwamfuta, maganin da zai lalace a 2030 in aka rubuta 30 ya zama ya lalace tun 1930. A sabuwa kuma, dattijon da aka haifa a 1945 in aka rubuta 45 ba a haife shi ba tukuna.

Ranar da ta tsallake duk wannan, saura a tambaya ko ta yi ma'ana a gurbin da aka sa ta. Ranar haihuwa ba ta wuce yau. Ranar sallama daga asibiti ba ta riga ranar kwantarwa. Ranar kama aiki ba ta zuwa shekara biyar bayan haihuwa. Amma a bambance abin da ba zai yiwu ba da abin da ba a saba gani ba. Na farko a ƙi shi. Na biyu, kamar ɗalibin firamare mai shekara 19 ko majinyaci mai shekara 104, a yi tambaya, in mai shigarwa ya tabbatar a karɓa. Manhajar da ta ƙi gaskiya tana koya wa akawu yin ƙarya ne, domin zai ƙirƙiri ranar da za ta wuce don layi ya ragu.

Wannan ya kawo mu ga abin da manhajojin da aka kwaikwayo daga waje ba su yi wa tanadi ba. Dattawanmu da yawa sun san shekarar haihuwarsu, ko ma kusa da ita, amma ba su san rana da wata ba. In gurbin ya tilasta cikakken kwanan wata, akawu zai buga 01/01, kuma daga nan ba mai iya rabe wanda aka haifa ran 1 ga Janairu da wanda aka yi wa ƙiyasi. A ƙara ɗan gurbi guda da ke nuna cewa ranar tabbatacciya ce, ko shekara kawai aka sani, ko ƙiyasi ne. Haka nan ƙaramar kalandar nan da ake latsawa a zaɓi rana: tana buɗewa ne a kan ranar yau, in mutum ya tsallake ta sai a ajiye yau a matsayin ranar haihuwar ɗan shekara arba'in. A bar gurbin fanko har sai an taɓa shi. Don ranar haihuwa ma rubutawa ya fi sauri a kan latsa kibiya ana komawa baya wata-wata.

Lokacin dubawa ma yana da muhimmanci. Kada a riƙa tsawatar wa mutum a kan kowace lamba da ya danna alhali bai gama ba. A duba sa'ad da ya bar gurbin, a sake dubawa sa'ad da ya danna ajiyewa, domin bayanai na shigowa ta wasu ƙofofin, kamar ɗebowa daga Excel. Saƙon kuskure ya faɗi abin da ya faru da harshen da akawu ke ji, "Fabrairun 2025 kwana 28 ne", kuma kada a share abin da ya rubuta.

Yanzu lissafi. Doguwar shekara, mai kwana 366, ƙa'idarta hawa uku ce: shekarar da 4 ke raba ta doguwa ce, sai dai in 100 na raba ta, nan ma sai dai in 400 na raba ta. Don haka 2000 doguwa ce, 1900 da 2100 ba dogaye ba ne. Ba ƙananan masu rubuta manhaja kaɗai ke tuntuɓe a nan ba. Ran 31 ga Disamba 2008 na'urorin sauraron waƙa na Zune masu gigabait 30 suka sandare a duniya baki ɗaya, saboda lissafin da ke cikinsu ya kasa fita daga rana ta 366. Ran 29 ga Fabrairu 2012 Azure, dandalin Microsoft na hayar kwamfutoci ta intanet, ya samu babbar tangarɗa, domin an ƙara ɗaya a kan lambar shekara kawai don samun ranar ƙarewar wata takardar tsaro, aka samu 29 ga Fabrairu 2013, ranar da babu ita. Kowane yaren rubuta manhaja na yau yana zuwa da kayan lissafin kwanan wata da aka gwada shekara da shekaru. Malaman kwalejojin fasaha su ci gaba da ba ɗalibai aikin rubuta ƙa'idar da hannu don su gane ta, amma su gaya musu cewa a manhajar sayarwa ba a yin haka.

Shekarun mutum ba a samun su ta raba kwanaki. Ɗauki wanda aka haifa ran 10 ga Mayu 2008. Ran 10 ga Mayu 2026 ya cika 18, kuma kwanakin da ya yi 6,574 ne. In ka raba da 365.25 za ka samu 17.998, manhaja ta ce 17, ta hana shi abin da ya cancanta a ranar. In ka raba da 365, tun ran 6 ga Mayu za ta ce ya cika. Umarnin DateDiff na Visual Basic da ake sa wa shekara shi ma ba shekarun haihuwa yake ƙirgawa ba, sau nawa aka tsallaka 1 ga Janairu yake ƙirgawa, shi ya sa jaririn da aka haifa ran 31 ga Disamba yake cika shekara ɗaya washegari a wurinsa. Hanyar da ta dace ita ce a cire shekarar haihuwa daga shekarar da ake ciki, sannan a duba wata da rana: in ranar haihuwar ba ta zagayo ba tukuna, a rage ɗaya. Wanda aka haifa ran 29 ga Fabrairu, sai mai wurin ya yanke ko 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris za a ɗauka, a rubuta a ajiye. Wannan ba wasa ba ne ga ma'aikacin gwamnati da zai yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Manhaja ta lissafa ranakun biyu daban-daban ta ɗauki ta farko.

Ƙara wata ya fi ƙara shekara santsi, domin wata ba shi da tsayayyen adadin kwana. Mutum ya karɓi kaya bashi ran 31 ga Janairu 2025, zai riƙa biya duk wata. Yawancin kayan aikin za su ce biyan farko 28 ga Fabrairu, kuma ba laifi. Matsalar tana biyo baya. In manhaja ta ɗora wata na gaba a kan amsar da ta gabata, za ta ba da 28 ga Maris, 28 ga Afrilu, ta maƙale a 28 har bashin ya ƙare. In ta koma ranar asali kowane lokaci, ta ƙara wata biyu, wata uku, za ta ba da 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, 31 ga Mayu. Ta biyun ce daidai. Masu ƙara kwana 30 a madadin wata kuma, a shekara za su ci mai biya kwana biyar ko shida. Kantin magani da nasa: in kwali ya nuna wata da shekara kawai, kamar 03/2026, a al'adance har ƙarshen watan ake nufi, don haka a ajiye 31 ga Maris, ba 1 ga Maris ba.

Hutun ma'aikaci daga 1 zuwa 10 ga wata rana 10 ne, amma in ka cire ɗaya daga goma tara za ka samu. Majinyacin da aka kwantar a waɗannan ranakun dare tara ya yi a gado. Duka biyun daidai ne a muhallinsu, sai a tambayi mai wurin da wanne yake caji. Wanda ya fi cin kuɗi shi ne rahoton ƙarshen wata. In ana ajiye ciniki da rana da lokaci, aka ce a kawo daga 1 zuwa 31, manhaja na ɗaukar 31 ɗin a matsayin sha biyun daren da ranar ta fara, sai cinikin ranar ƙarshe gaba ɗaya ya ɓace daga rahoto, a zo ana tuhumar yaron kanti. A rubuta sharaɗin haka: daga 1 ga wannan wata, kuma ƙasa da 1 ga watan gobe.

Wajen ajiya, a yi amfani da nau'in gurbin kwanan wata na rumbun bayanai. Inda babu, kamar rumbun SQLite, a rubuta da tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2025-04-03, wanda ko a matsayin rubutu aka jera shi zai jeru daidai. Ranar haihuwa kada a haɗa ta da lokaci. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, don haka sha biyun daren 3 ga wata in aka juya shi ya koma sha ɗayan daren 2 ga wata, mutum ya ƙara tsufa da kwana guda. Gurbin TIMESTAMP na rumbun bayanai na MySQL, da tsofaffin manhajojin da ke ƙirga daƙiƙu daga 1970 cikin lamba mai bit 32, iyakarsu 19 ga Janairu 2038. Kada a ce da sauran lokaci: wanda ya kama aiki a 2010, shekararsa ta 35 tana faɗawa a 2045, kuma yau ake lissafa ta. Daga Excel kuwa, in ka ga 45658 a gurbin kwanan wata ba shirme ba ne, 1 ga Janairu 2025 ce, domin kwanaki yake ƙirgawa daga farkon 1900. Har yau yana ɗauke da 29 ga Fabrairu 1900, ranar da babu ita, wadda ya gada daga tsohuwar manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3. Akwai kuma fayilolin da ke ƙirgawa daga 1904, musamman na tsofaffin Mac, bambancinsu kwana 1,462.

Makarantun Islamiyya da kotunan shari'a sukan buƙaci kwanan watan Hijira, kuma a nan lissafi shi kaɗai ba ya isa. Windows da Java suna da kalandar Hijira, ciki har da ta Ummul Ƙura ta Saudiyya, amma lissafaffiya ce tun kafin lokaci. A Najeriya wata na kamawa ne da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi bayan ganin jinjirin wata, kuma yakan saɓa da na lissafi da kwana guda. Abin yi shi ne a ajiye ranar Miladiyya a matsayin tushe, a yi ɗan jadawali inda mai kula da manhaja zai shigar da ranar da kowane watan Hijira ya kama bisa sanarwa, manhaja ta riƙa ƙirgawa daga nan, ta kuma ƙi watan da ya gaza kwana 29 ko ya haura 30.

Duk wannan ya dogara ne ga manhaja ta san yau wace rana ce, ita kuma agogon kwamfuta take tambaya. Agogon yana rayuwa ne da ɗan batir mai faɗin kwabo, CR2032, mai bolt 3, a jikin babban allon cikin kwamfuta. In ya mutu, duk sa'ad da aka ɗauke wuta agogo ya koma wata shekara can baya, kuma kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta da inda za ta gyara kanta. Duk lokacin da manhaja ta tashi, ta gwada agogo da ranar ciniki na ƙarshe da ta ajiye. In yau ta riga jiya, ta ƙi buɗe aiki har a gyara.

Ga mai saye, kafin ka biya cikon kuɗi zauna da wanda ya rubuta manhajar na minti goma. Shigar da 31/02/2025 da 29/02/2025, dole ta ƙi su. Shigar da 29/02/2024, dole ta karɓa. Rubuta 03/04/2025, sauya saitin yankin Windows daga Amurka zuwa Ingila, ka sake buɗewa ka ga ko ranar ta motsa. Ba ta shekara mai lamba biyu, ba ta ranar haihuwa ta gobe, bar gurbin fanko ka danna ajiyewa. Buɗe bashi ran 31 ga Janairu ka duba ranar biya ta uku. Yi ciniki da yammacin ranar ƙarshe ta wata ka nemi rahoton watan. Daga nan ka mayar da agogon kwamfuta baya da shekara ɗaya, ka rufe manhajar, ka sake buɗe ta, ka ga ko za ta bar ka ka buga rasit.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Zariya.